FILAYA MAI KEBUR: SHAWARA GA MAKANIKAI DA MASU MOTOCI NA RIDO

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Sabon Tasha da Mararaban Rido, ta wuce Kujama da Kasuwan Magani har Kachia, ya san irin wahalar da motocinmu suke sha. Da kaka ana loda musu masara da dawa da doya, da rani tumatir da barkono na fadama, daga kudu kuwa ga buhunan citta. Ba abin da aka fi gani a wannan hanya kamar mota a gefen titi, an ɗaga bonet, tururi yana tashi, yaron mota ya ɗauki galan ya tafi neman ruwa. In ka tambayi direba, sai ya ce maka mota ce ta yi zafi. In kuwa ka bi sawun zafin nan, sau da yawa za ka tarar ba wani babban abu ne ya jawo shi ba, sai ɗan zoben ƙarfe da ke riƙe bakin tiyon lagireto, wanda makanikai suke kira kilif. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A wannan fitowa za mu yi magana a kan kilif ɗin nan, da kuma wani kayan aiki da aka ƙera domin cire shi da mayar da shi lafiya, watau filaya mai kebur. Maganar ta shafi makanike da yaransa. Ta kuma shafi manomi mai a-kori-kura, da ƙungiyoyin da suka haɗa kuɗi suka sayi motar kai amfanin gona kasuwa.

MOTOCI SUN SAKE, AKWATIN KAYAN AIKI BAI SAKE BA

Rido tana cikin ƙaramar hukumar Chikun, a gefen matatar mai ta Kaduna wadda aka buɗe a 1980. Tun daga lokacin nan motoci manya da ƙanana suka yawaita a yankin, gareji kuma ya yawaita tare da su. Kafin wannan, a 1975, kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a Kakuri, aka yi shekara wajen talatin ana fitar da 504 daga can. Manyan makanikanmu da yawa a kan motar nan suka koyi aiki. Wanda ya taɓa buɗe bonet ɗinta ya san akwai fili. Injin yana kwance a tsaye daga gaba zuwa baya, hannu yana shiga ko'ina, kilif ɗin da aka fi samu a kanta kuma mai sukuru ne. Da sukudireba ɗaya da filaya ɗaya an gama aiki.

Motocin da suka cika hanya yanzu ba haka suke ba. Golf da Sharan da Vectra da Corolla da 406, duk injinsu a gicciye yake, an cusa kome da kome a ɗan wuri. Lagireto ɗinsu ba na tagulla ba ne irin na dā wanda mai walda zai liƙe. Cikinsa alminiyam ne, bakinsa da wuyansa kuwa filastik. Tiyo ya yi yawa, waɗansu a bayan inji, waɗansu a ƙarƙashi inda ido ma ba ya gani sosai. Yawancin kilif ɗinsu kuma ba su da sukuru ko kaɗan. Mota ta sake, amma akwatin kayan aikin makanike yana nan kamar yadda ubangidansa ya bar masa. Daga nan ɓarna take farawa.

AIKIN DA KILIF YAKE YI

Inji yana ƙona mai a cikinsa, wuta kuwa tana haifar da zafi. Ruwa ne yake kwashe zafin nan. Famfon ruwa yana tura shi ya zagaya cikin inji, ya fita ta tiyon sama ya shiga lagireto, iska da fanka su huce shi, sa'an nan ya komo ta tiyon ƙasa. Inji mai lafiya yakan yi aiki da ruwa mai zafin wajen digiri 90. Ruwa a tukunya yakan tafasa a digiri 100, ko ƙasa da haka kaɗan a ƙasa mai tudu irin tamu. Amma murfin lagireto yana tsare ruwan a matse, matsin kuwa ya kai wajen rabin iskar da mai faci yake bugawa a tayar ƙaramar mota. Saboda matsin nan ruwan ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120.

To, kilif ne yake riƙe da wannan matsi a kowane bakin tiyo. In ya saki, hasara biyu ake yi. Ta fari, ruwa yana zurarewa. Ta biyu, matsi yana fita, ruwan da ya rage kuma ya tafasa da wuri. In direba bai lura da allurar zafi ba, sai kan inji, wanda na alminiyam ne, ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai. In aka ci gaba da tafiya a haka, inji ya buga ke nan. Kuɗin kilif bai taka kara ya karya ba, amma kuɗin inji yana iya cinye amfanin gonar shekara guda. Ga kuma tumatir ɗin da zai ruɓe a rana kafin a sami wata mota a juye.

KILIF IRI HUƊU NE

Kafin mutum ya sayi filaya, sai ya san irin kilif ɗin da zai kama da ita.

Na ɗaya shi ne mai sukuru, wanda kowa ya sani. A Ingila aka yi masa rajista a 1921 da sunan Jubilee. Kyansa shi ne sukudireba kaɗai yake bukata, ana kuma samunsa a kowane shagon kayan gyara. Aibinsa shi ne inda ka bar shi nan yake tsayawa. Roba kuwa tana lotsawa a ƙarƙashinsa a hankali, sai ya zama sako-sako. In ka ɗaure shi da ƙarfi ƙwarai domin gudun haka, sai ya yanka tiyo ko ya tsaga wuyan filastik.

Na biyu shi ne mai sifirin. Zobe ne na ƙarfe mai tsalle, yana da kunnuwa da suka fito waje. In ka matse kunnuwan suka kusanci juna, zoben ya buɗe. In ka saki, ya koma ya kama tiyo da ƙarfin kansa. Waɗansu faffaɗan ƙarfe ne, waɗansu kuwa waya ce mai kauri da aka naɗe. Wannan ba ya bukatar a ƙara ɗaure shi, gama yana bin tiyo duk inda ya tafi. Da azahar a watan Maris ko Afrilu, sa'ad da kome ya yi zafi ya kumbura, sai ya buɗe kaɗan. Da asubar hunturu, sa'ad da kome ya takure, sai ya bi ya matse. Shi ya sa kamfanonin motoci suke sa shi a kan wuyan filastik.

Na uku shi ne mai ƙugiya, wanda aka fi samu a motocin Faransa. Ana harɗe shi ne har ya yi ƙara ƙas, yana kuma da tasa filaya dabam.

Na huɗu shi ne mai kunne ɗaya da ake matsewa da awartaki sau ɗaya tak. Akan same shi a tiyon mai da robar da ke rufe mahaɗin ƙafa. Wannan ba a kwance shi, yanke shi ake yi a sa sabo.

Filaya mai kebur domin na biyu aka yi ta. Waɗansu sukan zo da baki na musamman domin na uku, amma ba ruwanta da na ɗaya da na huɗu. A riƙe wannan, kada a sayi abin da ba za a yi aiki da shi ba.

ABIN DA YAKE FARUWA A GAREJI

An kawo Golf tana yoyo a tiyon ƙasa. Yaro ya shiga ƙarƙashi da filaya irin ta kowa da kowa. Kunnuwan kilif sun fuskanci jikin inji, bakin filaya ba ya kama su sai a karkace. Ya matsa, ta zame. Ya sake matsawa, ta zame ta fasa masa yatsa. In an yi rashin sa'a, kilif ya kuɓuce ya yi tsalle, ƙarfinsa kuwa ya isa ya tsiyaye ido. Da ƙyar aka ciro shi. Da aka zo mayarwa, ba wanda yake son ya sake shan wannan wuya. Sai a jefa shi cikin kwandon tsofaffin ƙarafa, a ɗauko mai sukuru na araha a ɗaura. A wani wuri ma wayar ɗaurin gini ake murɗawa, ko a naɗa tsohuwar robar tayar keke.

Mota za ta tashi, mai ita ya biya ya tafi yana murna. Bayan wata biyu ko uku, da sanyin safiya, sai a ga ɗan danshi a ƙarƙashinta. In inji ya yi zafi danshin ya ɓace, sai a ce ba kome. Kullum ana ƙara ruwa kofi ɗaya, har ranar da aka manta, ko ranar da aka yi lodi mai nauyi aka hau tudu.

Makaniken da ya yi wannan ba mugunta ya yi ba. Rashin kayan aiki ne ya sa shi. Amfanin filaya mai kebur ke nan: tana sa mayar da kilif na asali ya zama abu mai sauƙi, har ba wanda zai so ya jefar da shi.

YADDA AKA ƘERA TA

Hannunta kamar na kowace filaya ne, amma ba ta da baki a jikinta. Maimakon baki, sai kebur mai tsawon wajen santimita 60, watau kamu ɗaya da ɗan ɗori. Kebur ɗin irin na kulocin babur ne, waya a cikin kube mai lanƙwasuwa. Dabarar tsohuwa ce, wani mutumin Landan mai suna Ernest Bowden ya yi mata rajista a 1896, aka fara amfani da ita a birkin keke. A ƙarshen kebur ɗin ne baki yake, ƙugiya biyu, ɗaya a kafe, ɗaya tana zamewa. In ka matse hannu, waya ta jawo mai zamewa zuwa ga ta kafe, kunnuwan kilif su haɗu, zobe ya buɗe. A jikin hannun kuma akwai makulli mai haƙora wanda yake riƙe kilif a buɗe ko ka saki hannunka.

Watau bakin yana can cikin lungu, kai kuwa kana tsaye a fili kana matsawa da dukan ƙarfinka. In ka kulle, hannuwanka biyu sun sami sarari su murɗa tiyo. Fuskarka kuma ta yi nisa da kilif.

ABUBUWA BAKWAI DA ZA A DUBA KAFIN A BIYA KUƊI

Ko a Panteka za ka saya, ko a shagunan kayan aiki na cikin gari, ko ka ba wani saƙo ya kawo maka daga Kano ko Legas, a ido duka kusan kamarsu ɗaya. A aiki ne suke bambanta. Ga abin da za ka duba.

1. Ka tafi da kilif a aljihu. Ka ɗauki tsofaffi biyu, ƙarami na tiyon hita da babba na tiyon lagireto, daga irin motocin da aka fi kawo maka. Ka gwada a gaban mai shago. A kan kwalin yawancinsu akan rubuta cewa suna kama daga milimita 18 zuwa 54 ko kusa da haka, amma rubutu ba ya buɗe kilif. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai shagon da ya hana ka gwadawa, ka wuce na gaba.

2. Ka dubi baki. Ya zama ƙarfe mai kauri, ƙugiyoyinsa masu zurfi yadda kunnen kilif zai zauna ciki daram. Ya buɗe har ya kai kunnuwan babban kilif, ya kuma rufe har zoben ya saki tiyo sarai. In ka ga ƙugiya ta ɗan miƙe bayan gwaji biyu ko uku, ƙarfen mai taushi ne, ka ajiye. Ka kuma lura da girman bakin. In ya cika girma ba zai shiga lungun da ka saye shi dominsa ba.

3. Ka dubi kebur. A nan rai da mutuwar filayar suke, gama shi ne yake fara lalacewa. Ka lanƙwasa shi kamar baka, ka matsa ka saki, ka ji ko yana tafiya sumul. Ka dubi ƙarshensa biyu inda aka liƙe wayar, ko akwai zare ɗaya da ya tsinke ya fito. Kada tsawo ya ruɗe ka. Kebur mai tsawo ƙwarai yana cin ƙarfin hannu, yana kuma harɗewa. Santimita 60 sun ishe ka a ƙananan motoci da bas.

4. Ka dubi makulli. Ka buɗe babban kilif ka kulle, ka ajiye filayar a kan tebur, ka ɗan girgiza ta. In ta saki da kanta, haɗari ce, domin ranar da za ta saki a gareji yatsan wani yana ƙarƙashin kilif. Haƙoran su zama da yawa domin ka iya tsayawa inda kake so. Sakinsa kuma ya yiwu da babban yatsa, a hankali, ba da fizga ba.

5. Ka tambaya ko ana sauya kebur. Wadda aka ɗaura mata kebur da noti ko sukuru ta fi wadda aka liƙe dindindin. Ta farko in kebur ya tsinke sai a sa wani. Mai gyaran babur ma yana iya daidaita mata wayar kuloci in kaurin ya yi daidai, ya kuma iya yi mata kai mai ƙarfi. Ta biyu kuwa ranar da kebur ya tsinke ta zama kayan gwangwan. In akwai noti na ƙara tsauri ya fi kyau, gama kowace waya tana ɗan miƙewa da aiki.

6. Ka dubi hannu. Ya zama ba ya lanƙwashewa in an matsa da ƙarfi, kuma buɗewarsa kada ta fi ƙarfin tafin hannun yaro. Ka tuna yaranka ne za su fi riƙe ta.

7. Kada akwati ya ruɗe ka. Akwai waɗanda ake sayarwa cikin akwati mai kyau, filaya takwas ko tara a jere, da kuɗin da bai fi na guda ɗaya mai kyau ba. Sau da yawa mai kebur ɗin da ke ciki ita ce mafi rauni. Araha ba ta ado. In ka sami tsohuwa cikin kayan da ake kawowa daga waje, mai ƙarfe na gaske, kada ka raina ta domin fentinta ya goge. Ka dubi kebur da makulli kawai.

BA KOWA NE YAKE BUKATARTA BA

Ba ma so wani ya karanta wannan ya je ya kashe kuɗin taki a banza. Mai injin ban-ruwa a fadamar kogin Kaduna ba ya bukatarta, gama mesarsa a fili take, mai sukuru ya ishe shi. Haka mai injin niƙa, da mai gyaran babur, da wanda tsofaffin tarakta ko 504 kaɗai yake gyarawa. Manomi mai mota ɗaya shi ma ba sai ya saya ba. Abin da ya kamata ya ajiye cikin mota shi ne sukudireba, da filaya, da kilif mai sukuru guda biyu ko uku masu kyau domin larurar hanya, da galan na ruwa mai tsabta.

Makanike ma ya sani akwai filayar kilif wadda ba ta da kebur, mai ɗan kofi a bakinta da yake juyawa ya kama kunne. Inda hannu yake kaiwa, wannan ta fi ƙarfi, ta fi sauri, ta kuma fi daɗewa, domin ba ta da wayar da za ta tsinke. Wanda yake da hali ya mallaki duka biyu, ya bar mai kebur domin lungu. Wanda ba shi da halin biyu kuwa ya dubi motocin da aka fi kawo masa. In masu inji a gicciye ne, mai kebur ce za ta fi yi masa rana.

YADDA ZA A YI AIKI DA ITA

Da fari, a bar inji ya huce sarai. Kada a buɗe murfin lagireto ko a taɓa kilif in tiyon sama yana da zafi ko tauri, gama ruwan da ke ciki ya fi na tukunya zafi, yana kuma fitowa da ƙarfi. A cire kan batir, domin fankar lantarki ta waɗansu motoci tana tashi da kanta ko an kashe inji.

A tara ruwan a kwano. In ruwan lagireto ne mai launi, kore ko ja, a sani dafi ne. Yana da ɗan zaƙi, saboda haka kare da akuya da kaji sukan sha, ƙaramin yaro ma haka, yana kuwa lalata ƙoda har ya kai ga kisa. Kada a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya, kada kuma a zuba shi a gorar lemo a ajiye inda yara suke wasa.

Sa'an nan a saka bakin filaya a kunnuwan kilif da yatsa, a tabbata ya zauna, a janye yatsa, a matsa a hankali. Da zarar kilif ya saki tiyo sai a kulle. Kada a buɗe shi fiye da bukata, gama ƙarfe mai tsalle in an wuce iyakarsa ba ya komawa yadda yake. A zamar da shi baya a kan tiyo.

In tiyo ya manne, a murɗa shi dama da hagu da hannu. Kada a cusa sukudireba a banƙare shi a kan wuyan filastik. Filastik ɗin da ya sha zafi shekara da shekaru yana fashewa kamar tsohuwar ƙwarya. In tiyon na jefarwa ne, a tsaga shi a tsaye da wuƙa a hankali, a ɓare.

Wajen mayarwa, a goge wuyan ya yi tsab. Kada a shafa giris ko baƙin mai domin tiyo ya shiga da sauƙi, gama mai yana kumbura irin robar nan yana ruɓar da ita. Ruwa ko ɗan ruwan sabulu ya isa. A tura tiyo har ƙarshe. A bakin kowane wuya akwai ɗan tudu da ya zagaye shi. Kilif yana zama a bayan tudun nan, ba a kansa ba. In tsohon tiyo ne ake mayarwa, a sa kilif daidai cikin gurbin da ya bari. A juya kunnuwansa su fuskanci inda wanda zai zo bayanka zai same su. In kilif ya yi tsatsa ƙwarai, ko ana iya juya shi da yatsa bayan an sake shi, ƙarfinsa ya ƙare, a nemi wani mai girmansa daidai. Masu sayar da kayan tsofaffin motoci sukan tara su da yawa.

Daga ƙarshe a cika ruwa, a fitar da iskar da ta maƙale, a tada inji har fanka ta tashi, a duba. Kashegari da sassafe a sake dubawa. Ruwan rafi mai laka da na rijiya mai kanwa suna cin lagireto, a guje su in ba dole ba.

KULA DA ITA, DA HAƊA KAI

Bayan aiki a goge ta, a ɗiga mai kaɗan a bakin kube, a rataye ta a ƙusa kebur yana miƙe. Kada a naɗe shi a tura cikin akwati a ɗora sifana a kai, gama waya in ta karye gwiwa sau ɗaya a nan za ta tsinke. Kada a bar ta a ƙasa da damina. Kada kuma a ja wani abu da ita wanda ba kilif ba.

Wannan ba kaya ba ne da ake ɗauka kowace sa'a kamar sifana. Saboda haka makanikai uku ko huɗu da suke layi ɗaya a Mararaban Rido ko Sabon Tasha suna iya haɗa kuɗi su sayi guda mai kyau, maimakon kowa ya sayi tasa marar ƙarfi. Masu adashi suna iya sa ta cikin kwasar wata ɗaya. Waɗanda suke cikin ƙungiyar makanikai ta ƙasa, watau NATA, suna iya kawo maganar a taron reshensu. Sai dai a naɗa mutum ɗaya mai ajiya, a sami ɗan littafi a riƙa rubuta wanda ya ɗauka da ranar da ya mayar, a kuma yarda tun da fari wa zai biya in kebur ya tsinke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kayan jama'a in ba mai lura, ɓacewa suke yi.

Iyayengiji kuma su tuna da yaran da aka danƙa musu. Yaron da ya koyi cire kilif da mayar da shi daidai, ya kuma san dalilin da ya sa aka yi shi da sifirin, ya sami ilimin da zai ci abinci da shi bayan an yaye shi. Iyayensa sun kawo shi da ido biyu da yatsa goma, ya kamata ya koma musu da su.

GA MASU MOTOCI DA SHUGABANNIN ƘUNGIYOYI

Ba sai kun zama makanikai ba kafin ku tsare dukiyarku. In an sauya muku tiyo, ku leƙa kafin a rufe bonet. In da can kilif mai kunnuwa ne a wurin, yanzu kuwa kun ga waya ko roba, ku tambaya cikin ladabi ina na asali yake. In an ce ya lalace, ku biya kuɗin wani irinsa. In a hanya ne larura ta sa aka ɗaura mai sukuru, ba laifi, amma kada a ɗaure shi da ƙarfin tsiya a kan filastik, a sake duba shi bayan 'yan kwanaki, a kuma sauya shi in an dawo gida.

Kowace safiya kafin a tada mota, direba ya sunkuya ya dubi ƙasa, ya dubi ruwa, ya bi bakin kowane tiyo da ido. Farin gari ko kore-kore da ya bushe a gefen kilif alamar yoyo ce, ko da ba a ga ɗigo ba. Motar da take neman ƙarin ruwa kowace rana tana da ciwo, ƙarin ruwan kuwa ba magani ba ne. In allurar zafi ta tashi a hanya, a tsaya nan take a kashe inji. Gara a makara kasuwa da a rasa mota.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan bincike shi ne kafin girbi, tun lodi bai kankama ba, da kuma ƙarshen hunturu kafin zafin bazara ya sauka. Shugabannin ƙungiyoyi su sa shi cikin abubuwan da za a tattauna a taro na gaba, su gayyaci makaniken da yake duba motarsu, a karanta masa wannan, a ji ta bakinsa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya sa amfanin gona ya kai kasuwa lafiya.